Aikin Heluman Masu Shara A Cikin Birnin Kano

Kowa ya iya riƙe tsintsiya. Tun muna 'yan shekara biyar ko shida iyayenmu mata ke miƙa mana ita mu share tsakar gida, shi ya sa da yawa daga cikinmu suke ɗauka shara ba sana'a ba ce, balle a ce har tana da shugabanci. Ni kuwa a cikin wannan ɗan rubutu ina so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu cewa share ɗaki guda daban ne, tafiyar da mutum goma sha biyu su share layukan kasuwa, su wanke makewayi, su yashe kwata kafin rana ta ɗaga kuma daban ne. Wanda ke ɗauke da wannan nauyi shi leburori ke kira heluma, wato shugaban ma'aikata. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe yana wannan aiki a cikin birni, a hutun da ya wuce kuma na yi ta bin sa ina riƙe masa littafi. Abin da na gani da abin da na karanta su ne zan kawo a nan.

Ba za a gane wuyar aikin ba sai an san yadda birnin yake. Tarihin Kano ya nuna an fara gina ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Kasuwar Kurmi kuwa Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta a zamanin mulkinsa, wato tsakanin 1463 da 1499. Waɗanda suka fitar da lungunan Sharifai da Koki da Makwarari ba don mota suka fitar da su ba, sai don mai tafiya a ƙasa da mai jaki. Saboda haka motar kwasar shara iyakarta bakin titi. Duk abin da aka share a ciki sai an turo shi a baro, ana kauce wa kwata da dakali da tumakin mutane. Ga shi kuma ruwan unguwanni da yawa gangarawa yake yi zuwa Jakara. Ledar da aka bari a kwatar wata unguwa ba nan za ta tsaya ba, ruwa zai kai ta ƙofar gidan wani da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A da can sharar birni dukiya ce. Toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ganye. Manoman karkara kan shigo da jakai ɗauke da itace, su koma da mangala cike da taki su zuba a gona, shi ya sa gonakin kewayen Kano ake noma su kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Leda ce ta zo ta ɓata wannan tsari, musamman tun da ruwan leda ya yaɗu a shekarun 1990, don ita ba ta ruɓewa, akuya kuma in ta haɗiye ta takan mutu. Har yanzu ana ɗiban taki, amma sai an tsince shi.

Hukuma ma ta daɗe tana fama. A 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsafta a nan Kano, inda ake horar da duba-gari, waɗanda kakanninmu ke ba da labarin yadda suke leƙa randa da masai. Masarauta tana da Sarkin Tsafta. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, a watan Yuli na 1985 kuma a nan Kano ne Janar Tunde Idiagbon ya buɗe ɓangaren yaƙi da ƙazanta. Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata da muka sani gadon wancan zamani ce. A 2003 aka kafa hukumar kwasar shara ta jiha, wato REMASAB. To, amma doka a ofis ake rubuta ta, tsintsiya kuwa a lungu take. Heluma shi ne mutumin da ke tsakanin biyun.

Abu na farko da ke hannunsa shi ne lokaci. Ana idar da sallar asuba yake kiran suna, don dole a gama share layi kafin 'yan kasuwa su buɗe rumfuna. In aka makara da rabin awa, an baje kaya a ƙasa, sai dai a yi ta kewaye su, ƙurar kuma ta sauka a kan garin mutane da yadinsu. Masallaci nasa lokacin daban, ɗakin shan magani nasa daban, don shi ba a rufe shi balle a ce a jira kowa ya fita. Da hunturu kawu yakan sa a yayyafa ruwa tukuna, kuma a ba iska baya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wanda ya share yana fuskantar ta kuwa aikin baban giwa ya yi, ga tari da ciwon ido.

Abu mafi wuya, a ganina, shi ne rabon aiki. Wanda bai sani ba sai ya ƙirga layuka, ya ƙirga mutane, ya raba daidai, ya ce ya yi adalci. Alhali layin masu yadi mai tsawo ya fi layin mahauta gajere sauƙi nesa ba kusa ba. A na farko 'yan ƙyallaye ne da takarda. A na biyu jini ne da ƙashi da ƙuda, sai an kankare an wanke. Layin 'yan kayan miya da damina kuwa ruɓaɓɓen tumatir ne mai nauyi da santsi. Saboda haka heluma ba tsawo yake aunawa ba, yawan baron da zai fita yake aunawa, da nisan wurin daga juji. Sa'an nan ya dubi mutanensa. Akwai tsohuwa wadda hannunta ya fi na kowa kyau a shara, ba ta barin ko tsinke, amma ba ta iya tura baro. Akwai saurayi mai ƙarfi da zai yi sawu goma bai gaji ba, amma in ka ba shi tsintsiya sai ya yi maka zanen kaza ya wuce. Kawu yakan haɗa irin waɗannan biyu a layi ɗaya. Wankin makewayi kuwa, da yake ba wanda ke so, zagayawa yake yi mako mako, an rubuta a littafi kowa yana gani, mata su wanke na mata, maza na maza.

Akwai wani yaro a cikinsu, ɗan maƙwabcinmu, wanda ya zo wata rana ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah a cire ni daga makewayi wannan makon, ai ka san babana." Kawu ya ce, "Na san shi sarai, ɗana, shi ya sa ba zan cire ka ba. In na cire ka yau, gobe kowa zai zo mini da sunan ubansa." Bayan mun rabu da shi na ce, "Kawu, ai da ka yi masa alfarma." Ya ce da ni ranar da ma'aikata suka gane heluma yana da 'yan gaban goshi, daga ranar ba za su ƙara share bayan rumfa ba, sai inda ido ke gani.

Shi kansa aikin yana da jeri wanda ba a juya shi. Daga sama ake farawa a sauko ƙasa: a kaɗe yanar gizo-gizo da ƙurar taga kafin a taɓa daɓe, in ba haka ba a share sau biyu. Daga ƙurya ake tahowa bakin ƙofa, kada mutum ya taka inda ya goge. A share tukuna kafin a sa ruwa. Daga wuri mai dama-dama kuma ake zuwa wuri mafi ƙazanta, makewayi ne na ƙarshe. Bokitin makewayi da tsummansa da tsintsiyarsa ba su fita ko'ina. Da yake ba duka ma'aikatan ke karatun boko ba, kawu ya ɗaura wa kayan makewayi jan ƙyalle, kowa ya gani ya san inda suka dosa. Tsintsiyar laushi ta ɗaki ce, ta kwakwa ta waje da kwata, sai manjagara da shebur da baro.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan magungunan wanki, don a nan ne na ga darasin lissafi da na kimiyya da muke yi a aji suna aiki. Mutane da yawa sun ɗauka in wuri yana ƙamshin Izal to ya tsarkaka. Ƙamshi daban, kashe ƙwayar cuta daban. Abin da aka fi dogara da shi shi ne ruwan bilic, irin su Jik da Hypo, saboda sinadarin kulorin da ke ciki. Amma yana da sharuɗɗa. Datti yana cinye ƙarfinsa, don haka sai an wanke wuri da ruwa da sabulu kafin a zuba shi. In an zuba kuma a bar shi kamar minti goma, kada a goge nan take. Wanda aka sirka da ruwa ba ya kwana, kullum sabo ake haɗawa, kuma ba a ajiye shi a rana.

Ga yadda ake sirkawa. Ka duba ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba, ka raba shi da ƙarfin da kake so, ka cire ɗaya. Abin da ya rage shi ne yawan ma'aunin ruwan da za ka zuba a kan ma'auni ɗaya na bilic. Alal misali, in kwalba ta ce kashi 3.5 cikin 100, kai kuma kana son kashi 0.5, to 3.5 a raba da 0.5 ya ba da 7, a cire 1 saura 6. Wato gwangwani ɗaya na bilic, shida na ruwa. A lokacin annobar amai da gudawa ma'aikatan lafiya suna aiki da ƙarfi uku: kashi 2 don amai da bayan gida, kashi 0.2 don daɓe da bango, kashi 0.05 don wanke hannu. Kawu bai san sunan wannan lissafi ba, amma gwangwanin madara guda yake aunawa da shi, kuma shi da kansa yake haɗawa kowace safiya, ba ya wakilta kowa.

Babban haɗari shi ne garwaya magani biyu don wai su ƙara ƙarfi. In aka zuba bilic a kan maganin wanke masai mai asid, irin su Harpic, sai iskar kulorin ta tashi, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. A ƙaramin makewayi marar taga tana iya kayar da mutum. Iyayenmu mata da ke karanta wannan mujalla, wannan gargaɗi har da gida.

Me ya sa ake wannan takatsantsan duka? Saboda kwalara. Cutar ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, kuma ba ta daina dawowa ba. A 2021 an ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, Kano kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Tun 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya nuna cewa ruwan sha da ya gauraya da bayan gida ne ke yaɗa ta, bayan ya bi diddigin mamatan wata unguwa ya tarar famfo ɗaya suke ɗiba. A birni inda rijiya da masai ke kusa da juna, bututun ruwa kuma a wasu lunguna ta cikin kwata ya ratsa, mai wanke makewayin kasuwa ma'aikacin lafiya ne ko da ba a ba shi farar riga ba.

Daga nan sai tsaron lafiyar ma'aikatan su kansu, wanda shi ne nauyin da heluma zai amsa a gaban Allah da gaban iyalansu. Cikin shara akwai fasasshiyar kwalba da reza da ƙusa, a kusa da kemis kuma har da allura. Allurar da aka yi wa wani tana iya ɗauke da ciwon hanta, tsatsattsen ƙarfe mai ƙasa kuma yana iya jawo cutar sarƙe haƙora. Dokar kawu ita ce ba a danna shara da hannu ko da ƙafa, ba a rungumar buhu a ƙirji, wanda kuma ya zo ba safar hannu da takalmin roba ba zai shiga kwata ba. Matasa sukan ce safar zafi gare ta. Shi kuwa ba ya jayayya, sai ya karɓe shebur. Ramin masai ko rufaffiyar kwalbati sun fi komai haɗari. Akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a ƙasan rami don ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. In ta yi yawa hanci ma daina jin warin yake yi, mutum ya faɗi ba ko ihu, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Saboda haka irin wannan aiki kawu ba ya ba mutanensa, yakan ce a nemo masu motar zuƙa.

Wannan magana ba a ƙasarmu kaɗai take ba. A garin Memphis na Amurka, a watan Fabrairu na 1968, na'urar motar shara ta murƙushe ma'aikata biyu baƙar fata da suka fake a cikinta saboda ruwan sama. 'Yan'uwansu kimanin 1,300 suka shiga yajin aiki. Goyon bayansu ne ya kai Martin Luther King garin, inda aka harbe shi ranar 4 ga Afrilu na wannan shekara. Abin da suke nema bai wuce albashi na kirki da kayan aiki masu lafiya da a ɗauke su mutane ba.

Batun albashi kuwa a nan ma yana ci wa heluma tuwo a ƙwarya. A 2024 doka ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma masu aikin wucin gadi da yawa ba su ganin irin wannan kuɗi. Heluma ba shi ke biya ba, amma fuskarsa ake gani. Akwai lokacin da waɗanda suka ɗauki su kawu aiki suka yi jinkirin biya har wata biyu. Bai ce da mutanensa gobe ko jibi ba, tun da shi ma bai sani ba. Ya gaya musu gaskiya, ya ɗauki littafi ya tafi ofis da tsofaffi biyu daga cikinsu, ya nuna kwanakin kowa ɗaya bayan ɗaya. Littafin nan shi ne makaminsa. A ciki akwai wanda ya zo da wanda bai zo ba da dalili, tsintsiya nawa aka karɓa, galan nawa na bilic ya rage, baro nawa aka kai juji. In ba rubutu, za a ce ma'aikata sun yi fashi ko sun sayar da kaya, shi kuma ba shi da abin karewa.

Wani abin da na lura da shi shi ne yadda yake magana. Tsofaffin mata "Iya" yake ce musu, sa'anninsa "Malam", ba ya kiran kowa da "ke mai shara". In zai yi wa mutum faɗa sai ya ja shi gefe. Yabo ne yake yi a gaban jama'a. Haka nan in ɗan kasuwa ya watsa shara a inda aka gama sharewa, ko ya zagi ma'aikaciya, ba ya barin ta ta rama. Shi zai je ya yi sallama, ya yi magana da lalama. In abin ya ci gaba ya kai wa shugaban layin, in a unguwa ne ya kai wa mai unguwa. Dalilinsa shi ne gobe ma wurin za ta koma ita kaɗai. A nan dai dole in faɗi ra'ayina: mu ɗalibai muna cikin masu wannan raini. Mun iya cewa tsafta cikon addini ce, amma mu jefar da ledar ruwa a gaban tsohuwar da ta haifi iyayenmu, ko sannu babu.

Shekara ma tana da nata jeri. Yasar kwata da rani ake yi, a watan Afrilu ko farkon Mayu kafin ruwa ya sauka, ba a cikin Agusta ba sa'ad da ta riga ta cika ta shiga gidaje ta jiƙa ginin ƙasa. Kuma abin da aka yaso sai an kwashe shi da zarar ya tsane. Kowa ya sha ganin baƙar laka jibge a bakin kwata mako biyu, ruwan farko ya mai da ita inda ta fito. Saboda haka kawu ba ya sa a fara yasa sai ya tabbatar da ranar da mota za ta zo. Da azumi yakan matso da aiki mai nauyi zuwa sanyin safiya. Jajibirin salla kasuwa ba ta tashi da wuri, shara kuma ninkawa take yi. Babbar salla tana zuwa da jini da kayan cikin dabbobi, waɗanda in suka kwana biyu a kwata unguwa ba ta zaunuwa. Duk shekarar da aka yi hawa kuma, hanyoyin da ke zuwa Ƙofar Kudu sai sun sha kwasar kashin dawaki, ko da yake wannan masu lambu na so.

Mu ma a makaranta muna da ɗan heluma, wato firfet mai kula da tsafta, kuma na ga yawancin rigimar da ake yi da shi ta rabon wuri ce. 'Yan aji ɗaya kullum su ne a makewayi, manya kuwa a barandar ofis. Da zai rubuta jadawali mai zagayawa ya manna a allo, ya ware bokitin makewayi, ya roƙi malamin kimiyya ya nuna mana sirkin bilic, da bulala ta ragu.

Aikin yini ba ya ƙarewa da share layi na ƙarshe. Kawu yakan bi wuraren da ƙafa, ba tsakiyar hanya yake dubawa ba, bayan ƙofa da ƙarƙashin teburi da bakin kwalbati yake leƙawa. Sa'an nan a wanke bokitai a kife, a shanya tsumma a rana don in ya kwana a jiƙe shi kansa ya zama gidan cuta, a ƙara ɗaure tsintsiyar da ta sassauta, a sa wa ƙafar baro baƙin mai. Kowa ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin ya taɓa koko da ƙosai. Shi ne na ƙarshen fita, bayan ya ƙirga shebur da manjagara ya rufe sito, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe.